Sunana a Bakin Mai Zazzaɓi

Gumel, daren Alhamis

Shekaruna saba'in da huɗu, kuma ba na neman tausayin kowa.

Tun shekaranjiya 'yar Rabi maƙwabciyata take kwance da zazzaɓi, an ce cikin magagi sunana take kira. Unguwa ta riga ta yanke hukunci, wai na kama kurwarta.

Rabi tsohuwar ɗalibata ce. Ni na koyar da ajinsu tsohon littafin Turancin nan mai ban tsoro, wanda mutanen gari suka bi wata mummunar halitta da jifa tun ba ta cuci kowa ba. Na tambaye su wane ne dodon, halittar ko majefan. Amsarta ta fi ta kowa, har ta kawo misalin 'yan'uwan Annabi Yusuf.

Ɗazu da la'asar ta zo ta durƙusa, ta kasa kallon idona.

"Malama, don girman Allah ki zo ki tsallaka 'yata. Ni ban ce ke ce ba."

"To wa ya ce?"

"Kowa, Malama."

"Kun kai ta asibiti?"

"Surukata ta ce sai kin sake ta tukuna."

Idan yarinyar ta warke, sun tabbatar ni mayya ce. Idan ta rasu, na cinye ta.

Na yafa mayafina, na ratsa taron ƙofar gidansu, na tsallaka ta suna kallo. Da magariba aka wuce da ita asibiti. Daga gobe babu mai amsa sallamata, kuma na san haka tun kafin in ɗaga ƙafa.