Kujerar Murjanatu a Taron Iyaye

Deira, Dubai.

Zuwa ga Yaya Wasila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa, ya saka miki da alheri kan riƙon 'yata Asama'u da kike yi tun rasuwar mahaifiyarta. Ni ma lafiya lau, aikin wayarin mota a garejinmu na Ras Al Khor yana tafiya, sai dai zafi. Na ba Alhaji Dikko mai kago, wato mai jigilar kaya zuwa gida, wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu, don maganar da ke ciki na gwada faɗa miki a waya sau biyu, muryata ta ƙi.

Makon jiya Malam Idris, hedimastan makarantar su Asama'u, ya turo mini hoton wata takarda daga ofishin ilimi. Amsar koken da iyaye suka kai ce, shekara uku ke nan. A samanta an rubuta sunan matata Murjanatu, shugabar kwamitin iyaye, ana gayyatarta zama ranar Talata, sha huɗu ga watan gobe. Ashe ba su san wata bakwai ke nan da muka rasa ta ba. Ina tsaye da sukudireba a hannu na karanta, na fita bayan gareji na zauna, har mudir, wato shugaban wurin, ya aiko a duba ni.

Kin san farkon abin, amma ba duka ba. Asama'u tana aji biyu ta gama littafin lissafin 'yan aji huɗu. Malaminta bai san yadda zai yi da ita ba, yara casa'in ne a gabansa, sai ya ba ta aikin rubuta sunayen masu surutu. Ta wuni tana rubuta sunaye, a tashi yara su tare ta a hanya. Murjanatu ta shiga gida-gida, ta samo yara bakwai masu irin wannan kai, ta tara iyaye, wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala. Abin da suka roƙa kaɗan ne: ɗaki ɗaya, kwana biyu a mako bayan an tashi, da malamin da aka koya wa yadda ake tafiyar da irin waɗannan yara. Wasu suka ce iyayi ne, makarantar da babu isassun benci ina ita ina ajin masu hazaƙa. Ta ce musu da ita aka yi fafutukar benci kuma ba ta daina ba, amma yaron da ya zauna a benci shekara shida bai ƙaru da komai ba, shi ma an bar shi a baya.

Abin da ban taɓa gaya miki ba shi ne ni ma ina cikin masu hana ta. Na ce ta bar wahalar nan, ai don wannan nake zaune a ƙasar mutane, zan sa Asama'u a makarantar kuɗi a huta. Ta tambaye ni wa zai sa 'yar Sanda mai faci, wadda ta fi tamu saurin karatu. Na yi fushi na kashe waya. Mun shirya bayan kwana biyu, muka ci gaba da hirarmu kamar da, amma har ta kwanta ciwo ban buɗe baki na ce mata ita ce da gaskiya ba. Hutun zuwa gida ma bai fito mini ba sai da aka yi kwana tara da binne ta.

Malam Idris ya ce in zaman ya yi kyau za a gwada ajin baɗi, da 'yan aji huɗu da biyar. Asama'u tana aji shida, ke nan ba za ta shiga ba. Ya kuma ce kwamitin ya yi sanyi, kowa yana jiran wani ya yi gaba, in ba a je ba za a rufe fayil. Roƙona, Yaya, ki je ki zauna a kujerar Murjanatu. Na san za ki ce iyakarki firamare. Ba Turanci ake nema ba, wadda za ta tara mutanen ta ƙi tashi sai an ba da rana ake nema, kuma na san ki. Takardun suna cikin shuɗin akwatinta, ƙarƙashin atamfofi. Ki fara da gidan Sanda, matarsa ba za ta ƙi ba.

Ita kuwa Asama'u, an ce ta daina ɗaga hannu a aji, ko an kira ta sai ta ce ba ta sani ba. Ran Juma'a da muka yi waya na gaya mata gaskiya, cewa amsa ta zo amma ajin ba zai same ta ba. Sai ta ce in za a je a tafi da ita, don ita ta jera wa mamarta takardun, ta san wadda ke bin wata. Na amince. Ki nema mata izini a makaranta ranar. In ta yi magana a wurin ku bar ta ta gama, in ba ta yi ba kada a matsa mata.

Ki gaishe mini da Inna, da Yaya Zainul Abideen, da Halima Sa'adiya da jaririnta. Ki isar da gaisuwata gidan su Murjanatu, ki ce ina nan ina yi mata addu'a. Allah ya jiƙanta, ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Sama'ila.