Baba Ya Ce Murfin Ba Ya Ƙara

Goggo Leposava, ki taimake ni da shawara, amma kada ki ce in ba da haƙuri, don ba zan bayar ba.

Mahaifina ne ya kafa ɗan kamfaninmu a bayan garin Kragujevac, muna buga murfin injin tarakta da ƙarfe marar kauri. Bana manoma suka fara dawo mana da kaya: inji na tashi murfin ya kama karkarwa, ƙara kamar ana kaɗa gwangwani. Na ce mu matsa wa ƙarfen layuka masu tudu don ya yi tauri, mu sa roba a gindin kusoshi. Baba ya ce murfinsa shiru yake, mutane ne suka lalace. Goggo, mutumin nan rabin rayuwarsa a gaban injin matsa ƙarfe ya yi ta, ko ƙararrawar coci ba ya ji! Ni kuwa na sauya aikin ban tambaye shi ba, ƙarar ta mutu. Yanzu ya daina shiga wurin aiki, ran Lahadi ma ya ƙi taɓa sarmar da na naɗa, wato nama cikin ganyen kabeji. Yayana Dragiša, wanda bai san hannun sifana ba, wai in mayar da komai yadda yake, na tozarta tsoho. Wallahi sai dai su kore ni.

'Yar Maƙeri

'Yata, kada ki mayar da komai. Aikinki daidai ne, manoman ma shaida ne. Dragiša kuma ki bar shi ya yi ta surutunsa.

Sai dai kin yi gaggawa a wuri ɗaya. Mahaifinki ba musun ƙarfe yake yi ba. In ya yarda akwai ƙara, ya yarda kunnensa ya tafi, kuma sana'ar da ta ciyar da ku ce ta cinye shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ce namiji ya haɗiye a gaban 'ya'yansa.

Ki kira shi ku biyu kaɗai. Ki tada inji da tsohon murfi, ki ɗora tafinsa a kai, sannan ki sa sabon. Hannunsa bai kurumce ba. Ki tambaye shi inda layukan suka fi dacewa, ki saurara da gaske. Maganar likitan kunne kuwa, sai ya ci abincinki tukuna.

Allah ya daidaita tsakaninku.