Ƙorafi Kan Monitar Mista Kostoglou da Aka Yanke wa Waya

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Jami'in Gudanarwa,
Mista Graeme Pettifer,
Ƙaramar Hukumar Kurrabindi.

Daga:
Misis Lorraine Tuckwell,
Sakatariyar Ƙungiyar Masu Tsoffin Kwamfutoci,
Lamba 14, Titin Saleyard, Kurrabindi.

Talata, 12 ga Maris, 2024.

Game da: Yanke wayar monita tana kunne, da jinin da aka zubar a Zauren Gari, da roƙon kada a niƙe monitar ranar Juma'a.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne a madadin ɗan ƙungiyarmu Mista Vasili Kostoglou, wanda duk garin nan ke kira Bill, tsohon mai shagon kifi da dankali na kusa da gidan waya. Da kansa ya so rubutawa, amma hannunsa na dama yana naɗe da bandeji, idonsa na hagu kuma bai buɗe ba tukuna. Buƙatarsa ɗaya ce. Monitarsa, wato akwatin gilashin da ke nuna hoton kwamfuta, tana kulle a kejin kayan lantarki da ke bolar hukuma, kuma motar da ke kwashe su zuwa wurin niƙa za ta zo ranar Juma'a, 15 ga wata. Ga yadda abin ya faru.

1. Mista Kostoglou yana da wata kwamfutar gida ta shekarun 1980, irin wadda ake cusa wa faifai. Ta ɗansa ce, Stelios, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1991. Yana yaro ya zauna ya shirya wani wasa a cikinta, ya yi ta bin uban yana roƙon ya zo ya gani. Uban kuwa kullum yana gaban kaskon suya, amsarsa ba ta wuce "anjima, Stel, ka ga layi." Anjimar nan ba ta zo ba har aka binne yaron. Bill bai taɓa ganin wasan ba, kuma wannan abu ya daɗe yana cin sa.

2. Kwamfutar ba ta magana da talabijin na zamani. Mun gwada masu faɗi iri-iri, wasu su nuna baƙi wuluk, wasu hoton ya yi ta rawa har mutum ya ji jiri. Sai tsohuwar monita mai ƙeya, ita ma ba kowace ba, sai mai kafar da ta dace da tata. Shekara biyu Bill yana yawon gwanjon gonaki da kasuwannin kayan kwance, kafin ya samo guda a wata rumfar askin tumaki, kashin tsuntsaye ya rufe ta. Ya goge ta da hannunsa. Wayar da za ta haɗa su kuwa babu mai sayarwa, sai da muka liƙa ta da dalma, zare bayan zare.

3. Ranar Asabar, 9 ga Maris, da hantsi, muka taru a ƙaramin ɗakin Zauren Gari kamar kowane mako. Mun san dokar hukuma: duk abin da za a jona a soket ɗin zauren sai an gwada shi an manna masa sitika. Mai gwada mana, Mista Noel Farrugia, yana ƙofar zaure yana gasa tsiran alade na sayarwa don tara wa 'yan kwana-kwana kuɗin taimako, ya ce a ba shi ɗan lokaci ya wanke hannu. Bill ya kasa jira. Ya jona, ya kunna, faifan ya yi ta gurnani, gilashin ya washe a hankali. Rubutu kore ya fito: WASAN STEL, NA BABA. A ƙasa kuma: DANNA KOWANE MAƁALLI. Bill ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ɗaga yatsa.

4. A daidai nan ma'aikacinku mai kula da zauren, Mista Craig Dunstall, ya shigo. Ko sallama bai yi ba. Ya leƙa bayan monitar, ya ce, "Wannan tarkacen na wane ne? Ba sitika." Na ce masa Noel yana ƙofa. Bill ya ce, "Abokina, minti ɗaya kawai, don Allah." Amsar Mista Dunstall, wadda mutum tara suka ji, ita ce: "Tsoho, nan ba gidan tarihi ba ne. Ka kai ta bola, ka bi ta." Ya zaro filaya daga aljihun baya ya datse wayar wutar, tana jone, tana kunne.

5. Ranka ya daɗe, na yi shekara talatin ina aikin jinya a asibitin gundumar nan, ban taɓa ganin wauta irin wannan daga mutumin da aka ɗauka don kiyaye lafiyar jama'a ba. Abin ya yi ƙara kamar bindiga. Tartsatsi ya watsu har kan siket ɗina, wutar zauren duka ta ɗauke, bakin filayar ya narke. Da da ƙarar kwana, da gawar Mista Dunstall muka ɗauka. Rubutun yaron ya tsuke ya zama ɗigo ɗaya a tsakiyar gilashi, ya ɓace.

6. Ba zan ɓoye wa hukuma ba, Bill ne ya fara kai hannu. Idonsa ya rufe. Ya cakumi kwalar Mista Dunstall ya kai masa naushi a hanci, na ji ƙashin ya ba da sauti, jini ya ɓalle ya wanke masa gaban riga. Amma Bill ɗan shekara saba'in da huɗu ne, Mista Dunstall kuwa bai kai arba'in ba, kuma kowa ya san da shi ake taƙama a ƙungiyar ƙwallon garin nan. Ya shaƙe tsohon ya maka shi da teburin shayi. Tukunyar ruwan zafi ta kife a hannun Bill, fatar ta saluɓe nan take. Goshinsa ya daki gefen tebur ya tsage. Yana ƙasa, cikin fasassun kofuna da kek, Mista Dunstall ya durƙusa masa a ƙirji ya ƙara masa biyu a ido, yana cewa, "Ka ƙara mana, mai kifi, ka ƙara." Sai da Noel ya shigo a guje da abin juya nama a hannu, shi da wasu biyu suka ɓamɓare shi.

7. Ina ƙasa ina danne goshin Bill da tawul ɗin goge kofi, jini yana bin yatsuna, Mista Dunstall ya sunkuci monitar. Bill bai ce komai game da hannunsa ba. Abin da yake maimaitawa kawai shi ne, "Lorraine, kar ki bari ya yar da ita." Mista Dunstall ya jefa ta bayan motarsa kamar buhun taki ya tafi. Jiya na je bola na leƙa ta ragar kejin. Tana nan a kife tsakanin matattun firintoci, gefenta ya tsage, amma gilashin bai fashe ba. Mai gadin wurin ya ce mabuɗin ba ya hannunsa, kuma ba ya sakin komai sai da izinin ofishinka.

8. Ba mu ja da dokar sitika. Mun karya ta, mun yarda. Amma a iya saninmu, abin da aka gwada ya faɗi shi ake yanke wa filogi, bayan an zare shi daga bango. Wannan ba a gwada ta ba, ba ta faɗi ba, kuma ba kayan hukuma ba ce da za a kai ta bola. Wayar da aka yanke Noel zai sauya ta kafin shayi ya huce. Abin da injin niƙa ya tauna kuwa babu mai gyara shi, kuma Bill ba shi da wata shekara biyun da zai sake yawon gwanjo, faifan ma ya tsufa.

Maganar duka tana hannun 'yan sanda, kowa zai amsa nasa, Bill ma ya ce a shirye yake. Hukuncin Mista Dunstall mun bar wa ofishinka, ko da yake in ra'ayina ake tambaya, ko tsintsiyar zauren ba zan sake ba shi ba.

Saboda haka muna roƙo, cikin ladabi, ka ba da umarni a rubuce kafin yammacin Alhamis, 14 ga Maris, a buɗe kejin a miƙa monitar ga Mista Farrugia. Zai gwada ta a gaban duk wanda ka turo, ya manna mata sitika ko guda nawa hukuma take so. Ba ma neman diyya, ba ma neman a ba mu haƙuri.

Na kai wa Bill miya jiya da yamma. Na same shi zaune a kicin, kwamfutar tana kan tebur a gabansa, ya goge jinin da ya ɗiga a maɓallanta, ba abin da ke jone da ita. Ya tambaye ni ko hannun hagu ma zai iya dannawa. Na ce masa rubutun ya ce kowane maɓalli, bai ce da wane hannu ba. Ranka ya daɗe, wannan mutum ya sha ce wa ɗansa anjima, ga inda ta kai shi. Ina roƙonka kada ofishinka ya ce masa anjima.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawa.

Taka mai biyayya,

L. Tuckwell
Misis Lorraine Tuckwell,
Sakatariya, a madadin Mista Vasili Kostoglou.