Idon Shagon Yaya

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, tunda ke ba abin da aka ɗauke miki.

Na rubuto ne don na san in na kira ki kuka za ki sa mini, ni kuwa ba ni da wurin ajiye hawayen wani. Kin ji an shiga shagona. Abin da ba ki ji ba shi ne, ƙararrawar da mijinki ya saka ko tari ba ta yi ba. Sun ɓalle tagar banɗaki ta baya, sun kwashe leshi da shadda, sun bar mini kwalaye da kyanwata tana miƙa a kansu. Idon ƙararrawar nan da ya liƙa a kusurwar silin kuwa, ina buɗe ƙofa da safe ya ƙyafta mini ja kafin in danna rimot. Mai shago yake gani, ɓarawo ne ba ya gani.

Ga abin da ya tsaya mini a wuya. Kantocin ƙasa kawai suka share. Na sama, inda kaya mafi tsada suke, ko yatsa ba su sa ba. Wane ɓarawo ne yake barin na sama, in ba an gaya masa inda idon yake gani da inda ba ya gani ba? Wa kuma ya san wannan in ba wanda ya hau tsani ya saka ba?

Ranar Asabar masu shagunan gininmu za su zauna a kan ba shi aikin saka ƙararrawa a ginin gaba ɗaya. Ni na kai musu sunansa, ni kuma zan tashi in faɗi abin da nake zargi. Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin duniya.

Ki gaishe shi in kin ga dama.
Yayarki.

*

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa, ina kuma jajanta miki. Allah ya mayar da alheri, ya tona asirin waɗanda suka yi.

Yaya, tun da maƙwabciyata ta miƙo mini takardarki gidan nan ya zama kamar an kashe masa fitila. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, kalmar ba ta canja ba. Maigidana kike kira ɗan rahoton ɓarayi? Mutumin da in ya tsinci ƙusa a gidan da yake aiki sai ya ajiye wa masu gida a kan taga?

Kin manta ina wurin ranar da ya saka miki? Ni ce ma 'yar gwajin. Idon ba hoto yake ɗauka ba, ɗumin jikin mutum yake ji in ya gitta. Shi ya sa in ya gama liƙawa sai ya sa wani ya yi ta kai da kawowa, shi yana kan tsani yana duban jan hasken. Ya ce in bi ta gaban kanta, na bi, idon ya ƙyafta. Ya ce in tafi a hankali kamar mai sanɗa, ya ƙyafta. Har rarrafe ya sa ni a kan tayil da sabuwar rigata, kina dariya kina cewa aure ya mayar da ni jaririya, nan ma ya ƙyafta. Ya ƙi kafa shi yana fuskantar taga don zafin rana, ya hana ki jingine madubin gwaji a gabansa don ba ya gani ta cikin gilashi. Mai shirin cin amana ne zai yi wannan wahalar?

Ni dai na sani, a duk littafin da na karanta, maci amana ana gane shi tun daga idonsa. Shi kuwa tun da ya ji labari bai ci abin kirki ba. Jiya na tarar da shi a tsakar gida ya zazzage jakar aikinsa, yana goge batura ɗaya bayan ɗaya, alhali ba ƙura a jikinsu. Na ce me ya hana idon gani? Ya ce, "Bar maganar nan, Yaya ce."

Don Allah kada ki tashi a taron nan. Aikin ginin in ya tafi wani zai zo. Amma wa zai sake buɗe wa mai saka ƙararrawa ƙofar ɗakin kwanansa bayan an ce da ɓarayi yake aiki? Sana'arsa duka amana ce, ita kike shirin yankawa.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki mai ƙaunarki ko kin ƙi.

*

Auta,

Salamu alaikum. Na ga takardarki, har da ƙamshin turare. Ashe har yanzu kina fesa wa takarda.

Ki ajiye mini zancen littattafai. Masu rubuta su ba su taɓa sauke kaya aka kwashe musu ba. Tun kina gida ke ce mai ƙona girki kina kuka a kan mutanen da ba a haifa ba, to yanzu ga kuka na gaske ya samu.

Na tuna rarrafenki sarai. Ranar idon ya gan ki. To me ya makantar da shi daga baya? Na kira wani mai irin aikin ya duba. Ya buɗe murfin, ya nuna mini baƙin salatif an liƙa a rabin ƙasa daga ciki, an yanka shi tsaf da reza. Ya ce duk abin da bai kai ƙugu tsawo ba, ya wuce abinsa. Da ciki ɓarayin suka ja tun daga banɗaki, shi ya sa ba su miƙe sun taɓa kantar sama ba.

Kafin shi, hannu ɗaya ne ya taɓa buɗe murfin nan. Injiniyan naki ya dawo shagona shi kaɗai bayan ranar gwajin, da tsaninsa a kafaɗa. Ya gaya miki? Na ga ba ki ambata ba. Ke da kike karanta idon mutane, ki je ki karanta nasa.

Asabar tana nan.
Yayarki.

*

Yaya,

Sallama a gare ki, don iyayenmu sun koya mana ba a fasa sallama ko ana faɗa.

Allah ya isa tsakanina da takardarki ta jiya. Wuni guda na yi ina kallon mijina kamar baƙo. Yana alwala ina duban hannunsa ina cewa ko wannan hannun ne. Na jera labari a kaina tun daga farko har ƙarshe, har na ga kaina da akwati a ƙofar gidan Mama. Da la'asar na tsaya a bakin ƙofa na ce ba zai fita ba sai ya gaya mini wa ya liƙa salatif. Ya ce shi ne. Na ce don me? Sai ya ce, "Ki tambayi Yaya dalili, ni ba zan faɗa ba." Da ƙyar na tatso sauran.

Ashe ke kika kira shi! Kin rubuta mini ya dawo shi kaɗai, kika haɗiye wanda ya aika masa. Kyanwarki ce take yawo in an rufe shago, idon ya ji ɗuminta, jiniya ta tashi, maigadi ya yi ta kiran ki, maƙwabta suka fara ƙorafi. Ya ce miki a riƙa fitar da ita in za a rufe, kika ce ɓeraye su cinye miki yadi ke nan. Ya ce akwai wani irin ido da yake bambance ƙaramar dabba da mutum, sai dai a jira a kawo, kika ce ba ki da barcin jira. Ya ce, kansa a ƙasa, "Yaya, in na rufe nan, ƙasa ba tsaro." Kika ce, "Ɓarawo da ƙafa yake tafiya ko da ciki? Rufe!" Ƙarya nake yi?

Ya rufe. Tunda tsohuwar kyanwar taki ƙiba ta hana ta hawa kantoci, jiniya ta yi shiru, kika samu barci.

Kina tambaya wa ya san inda idon ba ya gani. Wa ya rage a ginin nan da bai sani ba? Ni kaina na ji ki kina gaya wa mai shagon takalma cewa surukinki gwani ne, ya gyara miki ido ya daina ganin abin da ke ƙasa. Ban gane ba a lokacin, har daɗi na ji ana yabonsa. Kin faɗa a gaban masu ciniki, kin faɗa a gaban masu dako. Ke kika yi shela, yanzu kina neman wanda ya yi raɗa.

Ki ji tsoron Allah, Yaya.
Ƙanwarki.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lallai kin girma, har kin iya jera wa yayarki laifi.

E, ni na ce ya rufe. Ban ɓoye ba, ban dai ɗauke shi abin faɗa ba. Ni yadi nake sayarwa, me na sani a kan ido? In mace ta kawo wa tela leshi ta ce ya yanka ta inda zai lalace, telan kirki ajiye almakashi yake ya ce ba zan yanka ba, kai wa wani. Naki fa? Magana ɗaya ya yi, ita ma ƙasa ya gaya wa, ba ni ba. Na ɗaga murya kaɗan, ya ce "To, Yaya," ya hau tsani. Da ya dube ni ya ce za a yi miki sata in na yi haka, da na kai kyanwar gida a ranar.

Kunya ce, na sani, don ni yayar matarsa ce. To kunyarsa ta kwashe mini shago. Gobe in ya je wa mai shagon gwal, ya tarar dattijo ne mai furfura, ya ce masa rufe nan, shi ma "To, Baba" zai ce?

Maganar shela kuma, ta shige ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma zargi ba ya fita daga zuciya don an yi masa tsawa. Ban yanke abin da zan ce ranar Asabar ba. Kada ki sake aiko mini da Allah ya isa, ni na goya ki.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Allah ya isan na janye, sauran ban janye ba.

Na karanta masa takardarki. Bai musa ko kalma ɗaya ba. Ya ce maganar tela gaskiya ce. Na ce to ya zo taron ya faɗi yadda aka yi, ya ce shi ba zai tsaya a gaban mutane ya ce yayar matarsa ce ta sa shi ba, gara a kira shi duk abin da za a kira shi. Na ce ni zan je in faɗa. Ya ce in na taka ginin nan bai yafe ba. Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Kin ga ashe ya iya cewa a'a, ni ce kawai ya iya gaya wa.

Na jima ina mafarkin miji mai kunya da kawaici, irin wanda nake karantawa. Ban san ana yanka mutum da su ba.

Yanzu bakinsa a ɗaure, ƙafata a ɗaure, sunansa yana hannunki ke kaɗai. Ki ce ya yi sakaci, ki ce rago ne, ki hana shi aikin ginin, duk zan haɗiye. Amma in kika ce ɓarawo, kin san ƙarya ne, kuma kin san na sani. Za mu haɗu a gidan Mama mu gaisa don idonta, iyakarmu ke nan har abada.

Ki zama lafiya.
Auta.

*

Auta,

Salamu alaikum. An yi taro.

Na tashi na ce ba shi da hannu a satar, na rantse musu. Suka ce to wa ya rufe idon? Na ce wannan a bakinsa za su ji. Shugaban masu shaguna ya ce ya zo ranar Litinin bayan azahar.

Ni na sa sharaɗin, kada ki zargi kowa. Zai tsaya ya faɗi wanda ya ba shi umarni, ya ce umarnin banza ne, ya ce ko yau aka sake ba shi ba zai bi ba. In ya iya, aikin ginin nasa ne, da shagona a ciki. In ya sunkuyar da kai, an bai wa wani.

Ki gaya masa a kujerar gaba zan zauna.

Wassalam.
Yayarki.