Shafin da Neville ya tsaya

Whyalla, watan Oktoba

Yaya Merle,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar, kumburin ya sauka? Na gode da furannin da kika aiko ranar jana'izar Neville.

Kin san karatuna bai yi nisa ba, shi ke karanta mini littattafai a 'yar na'urarsa bayan cin abincin yamma. In wani wuri ya ba shi dariya sai ya ja layi, ya rubuta abu a gefe. Wajen labarin wata akuya mai taurin kai ya rubuta, "Glenys ke nan." Mun tsaya a tsakiyar labarin wani jirgin ruwa. Ban juya shafin ba tun ranar, domin na'urar wuri ɗaya take riƙewa, inda aka tsaya.

Raelene, 'yar kirki, ta rufe duk asusun babanta, har na kamfanin littattafan. Da na faɗa wa Soula ta laburare, sai ta ajiye shayinta. Ta karɓi na'urar ta kashe mata intanet. Ta ce, "Glenys, ba saye ya yi ba, aro aka ba shi da sunansa, kuma akwai kwaɗo a kan kowane littafi. Ranar da ta sake jin intanet, ina tsoron a share komai."

Na cire wayar akwatin intanet ɗin gida gaba ɗaya.

Taki,
Glenys

Watan Nuwamba

Yaya Merle,

Ina fatan kuna lafiya, ke da karen naki marar kunya. Nan zafi ya fara.

Raelene ta sayo mini sabuwar na'ura ta wani kamfani, mai manyan baƙaƙe. Littattafan Neville ba sa buɗuwa a cikinta, kowane kamfani da irin kwaɗonsa. Ta ce, "Mama, sai mu sake sayen su mana, ai littafi littafi ne." Na ce a wane kanti ake sayar da akuyar? Ta fita baranda ta yi kuka, ni ma na yi nawa a kicin.

Mijinta Darren ya ce zai iya fasa kwaɗon in ya jona ta da kwamfutarsa. Na ce, "Kai da ka gyara mini famfo har ruwa ya shiga ɗaki?" Da na matsa masa, ya yarda bai san ko rubutun gefe zai biyo ba. Ban ba shi ba.

Yanzu wani baƙin layi ya ratsa fuskar na'urar Neville. Cajin da ke kai mako biyu ba ya kai kwana. Kullum na buɗe sai ta nuna saƙo, wai in haɗa ta da intanet. Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, ya san ina ciki.

Ki gaida maƙwabta.
Glenys

Watan Disamba

Yaya Merle,

Da fatan wannan ta same ki lafiya. Ki yi haƙuri, ba zan zo Kirsimeti ba. Na'urar ta san intanet ɗin gidanki tun zuwanmu bikin Ista, jikokinki kuma ba sa barin abu sai sun latsa. Barin ta a nan kuwa ba zan iya ba.

Shekaranjiya ta ɗauke, har na haƙura, sannan ta dawo. Layin ya zama biyu. Sai na ga in na ci gaba da gadin shafin nan, za ta mutu ban ji ƙarshen jirgin ba. Na juya.

Yaya, ashe tsohon ya wuce ni a karatun a ɓoye. Gaba kaɗan ya ja layi ya rubuta, "Kada ki damu, mai dafa abincin jirgin bai nutse ba."

Ina bi da yatsa, a hankali, ina karantawa da ƙarfi don gidan ya ji murya. Littafin da saura sosai, ban kuma san ina ya sake yi mini magana ba. Tsakanina da batirin nan, ki taya ni addu'a in riga shi.

Ƙanwarki,
Glenys