Mama Ta Ce Hannuna Kaɗai, Kuma Kada Kowa Ya Ji

Anti, don Allah ki ba ni aron hankalinki, ki taimake ni da shawara. Na saba mutane su zo gabana da damuwarsu in warware musu, yau ga ni da tawa, kuma duk karatun da na yi bai fitar da ni ba.

Ni likita ce, aikina tiyatar gyaran jiki. Bari in faɗa tun farko, ba don yabon kai ba: na iya aikina. Na fara ne a sashen masu ƙuna na babban asibiti, inda ake kawo yaron da tafasasshen ruwa ya kwarare masa a ƙirji, ko matar da tukunyar gas ta tashi a fuskarta. A can hannuna ya faɗa. Na koyi yanko fata daga cinya in shimfiɗa ta a wuya ta kama, na koyi haɗa leɓen jaririn da aka haifa a tsage har sai mutum ya matso sosai zai ga layin ɗinkin. Daga baya ni da wata abokiyar karatuna muka buɗe ɗan asibitinmu a saman wani shagon sayar da magani. Ɗakin tiyata ɗaya ne, sai ɗakin hutawar marasa lafiya da 'yar kusurwar da muke shan shayi a tsaye.

Yanzu yawancin masu hawowa wurinmu ba ciwo ke kawo su ba. Wani hancinsa ya karkace, wani kunnuwansa sun baje, wata cikinta ya saki bayan haihuwa, wata tabon ƙuruciya ne ya hana ta shiga hoto. Ba na jin kunyar wannan aiki ko kaɗan. Na ga malamin makarantar da ya yi shekaru yana koyarwa hannunsa a kan baki, ya sauka daga wurinmu yana dariya haƙora a waje. Kuma ba kowa nake taɓawa ba. Idan yarinya ta zo da hoton wata a waya ta ce in mayar da ita haka, zama nake yi da ita mu yi hira, in raka ta har bakin ƙofa.

A gidanmu ne aikin bai da daraja. Babban yayanmu Telar Fuska yake kirana. Da na shigo taron dangi zai ɗaga murya: "Ga tela ta iso, kowa ya ɓoye hancinsa!" A yi dariya, ni ma in taya su. Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta taɓa jan hannuna gefe ta tambaye ni ko ba na tsoron ranar da za a tambaye ni halittun da na canza. Waɗannan duk ko a jikina. Wadda ke taɓa mini zuciya ita ce Mama. Ba ta taɓa kushe aikin da bakinta ba, shiru kawai take yi. Idan baƙi suka tambaye ta me nake yi, sai ta ce, "Likitar masu ƙuna ce." A wurinta har yau ban bar babban asibiti ba. Ranar da muka buɗe namu ta ce gwiwarta na ciwo. Tana zuwa shagon maganin da ke ƙasanmu, ta sayi abin da ya kawo ta, ta koma mota, ba ta taɓa ɗaga ƙafa ta hau matakalar ba.

To ga abin da ya faru. Mama ta haura saba'in, fatar idonta ta sama ta saki ta zubo har ta rufe kusan rabin ƙwayar. Idan za ta kalle ka sai ta ɗaga haɓa kamar mai jin kai, goshinta kullum a tattare saboda ɗaga gira, kafin yamma kai ya ɗauki ciwo. Ta daina saƙa wa jikoki huluna. Kwanaki ta yi tuntuɓe a ƙofar banɗaki, Allah ne ya tsare. Likitan ido ya duba ya ce idon ƙalau yake, fatar ce ta zama labule, a rage ta kawai. Aikin da nake yi kusan kowane mako.

Na zuba ido in ga abin da za ta yi. Watan jiya na je gidanta da rana, ina zaune a ƙasa ina yanke mata farcen ƙafa, sai ta aiki mai taya ta aiki shago, ta ce in tura ƙofa. Ta ce, "Ke, wannan abin da likita ya ce a yi, irin naku ne ko?" Na ce namu ne, Mama. Ta ce, "To ke za ki yi. Ba zan kwanta bare ta sa mini wuƙa a ido ba. Kuma kada yayanki ya ji, kada goggonku ta ji. Ki ce hutawa na zo yi gidanki." Na ci gaba da yankan farce. Can sai ta taɓa ƙasan idonta da yatsa, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Tunda an riga an shiga, wannan jakar ta ƙasa fa? Ko ita ba a taɓawa?" Anti, dariya da kuka ne suka zo mini lokaci guda. Na sunkuyar da kai na riƙe ƙafarta kamar farcen ne ya yi mini tauri.

Da na gaya wa abokiyar aikina, sai ta cire tabarau ta ce ba zan yi shi a ɗakin tiyatarmu ba, likita ba ya yi wa uwarsa tiyata, ita da kanta za ta yi. Ta tuna mini cewa Mama na shan maganin hawan jini da na tsinka jini, kuma haɗarin wannan aiki, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, shi ne jini ya taru a bayan ido. Idan ya faru dole a farke ɗinkin nan take, ba tsayawa tunani. Na san duk wannan, ni nake koya wa ƙananan likitoci shi. Amma gaskiya ɗaya ce, a fatar ido hannuna ya fi nata. Ita gwanar hanci ce, kuma ita kanta ba za ta yi musu ba. Na gwada kawo wa Mama maganarta, ta ɗaure fuska ta ce to a bari, za ta ci gaba da ɗaga haɓarta. Kuma na san Mama, idan ta ce a bari, to an bari. Mijina kuwa cewa ya yi in yi kawai, albarka ce ta biyo ni har gida, kada in maida ta.

Sai maganar ɓoyewa. Yaya ne ke kai ta asibiti, shi ke karɓo mata magani, ba na son in dube shi in yi masa ƙarya. Kuma tunda ba ki san ni ba bari in faɗa miki: ina so ya sani. Ina so in ga fuskarsa ranar da zai ji cewa telar nan ce ta buɗe wa uwarsa ido. Ina so Mama ta faɗi ainihin aikina a gaban mutane ko sau ɗaya ne. Har na yi tunanin in ce mata zan yi, amma sai ta yarda a faɗa wa kowa. Ba na ganin na nemi abin da ya fi ƙarfin haƙƙina.

In riƙe wuƙar da kaina, ko in ƙi ta ci gaba da tuntuɓe? In rufa mata asiri, ko in sa sharaɗina? Ina jiran amsarki.

Taki, Telar Fuska

AMSA

Likita, sannu da ƙoƙari. Na karanta wasiƙarki ina murmushi, domin ban ga wadda ta rasa hanya ba. Na ga wadda ta san amsar rabin tambayarta, tana neman wanda zai ce mata ba komai ki kauce. Ba ni ce zan ce miki haka ba.

Kada ki riƙe wuƙar. Na yarda hannunki ya fi, ba ni da dalilin musu. Amma ba hannu kaɗai ke shiga ɗakin tiyata ba. Idan komai ya tafi daidai, ke da abokiyarki bambancinku ɗan siririn layi ne da babu mai gani sai ku. Idan kuwa jinin nan ya taru, ana bukatar wadda za ta dubi gadon ta ga mara lafiya, ke kuma uwa za ki gani. Ki ƙara da wannan: za ki iya tsare Mama da tambaya a kan magungunanta yadda kike tsare baƙuwa? Za ki iya yi mata faɗa idan ta cire bandeji kafin lokaci? Mijinki da kyakkyawar zuciya ya yi magana, amma ba shi zai ɗauki abin a ransa har ƙarshen rayuwa ba idan aka samu akasi. Abokiyarki ta ƙaunace ki da ta ce a'a.

Sai dai Mama ma tana da gaskiyarta, kada ki ɗauke ta a mai taurin kai kawai. Tsohuwa ce da za a kwantar, a taɓa mata ido, a wurin da ta yi shekaru tana kauce wa ƙofarsa. Tsoro take ji, da kunya. Da ta ce bare, nufinta wadda ba ta sani ba, to ki sa ta san ta. Ki kawo abokiyarki gidan a matsayin ƙawarki, su gaisa, su sha shayi, ta kira ta Mama, kada a ambaci ido a zuwan farko. Daga baya ki faɗa mata dalilinki ba kwana-kwana: "Mama, idan na ga jininki hannuna zai yi rawa." Uwa tana gane wannan fiye da kowace dokar asibiti. Ki yi mata alkawarin abin da za ki iya cikawa: ke za ki zana layin da alƙalami a kan fatar, ke za ki tsaya a kanta riƙe da hannunta daga farko har ƙarshe, a gidanki za ta yi jinya. Tunda gwanintarki a ido take, ki zuba ta a awo da zane. Kuma a fara zuwa wurin likitan da ya ɗora ta a kan maganin jinin, shi zai faɗi yadda za a yi da shi.

Maganar jakar ƙasan ido, kada ki yi dariya ko da wasa, kada ki taɓa tsokanarta da ita. Ta sha wuya kafin kalmar ta fito. Abokiyarki ta duba ta kamar kowace mace mai shekarunta da lafiyarta. Idan ya dace a yi, idan bai dace ba a gaya mata cikin mutunci.

Sharaɗin nan kuwa, ki ajiye shi. Kin rufa asirin hancin mutanen da ba ki haɗa komai da su ba, uwarki ce za ki sayar wa rufin asiri? Amma ƙarya ma ba dole ba ce. Ki nuna mata cewa yayanki ne ke kula da magungunanta, dole ya san za a yi mata aikin ido bisa shawarar likitan ido. Wannan gaskiya ce tsantsa. Inda aka yi da abin da aka ƙara, nata ne, ta faɗa ko ta yi shiru. Idan Yaya ya tambaye ki kai tsaye, ki ce ya tambayi Mama. Shi ma ba yaro ba ne, yana da ido.

Ban raina ciwonki ba. Shekaru kina jiran kalma ɗaya daga bakin uwa, ba ƙaramin abu ba ne. Mai yiwuwa shirunta ƙi ne, mai yiwuwa kuma bakin mutane take kare ki daga gare shi da hanyar da ta iya. Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, domin ba ki taɓa tambayarta ba. Bayan ta warke, ku biyu a ɗaki, ki faɗa mata cewa abin yana yi miki zafi. Yabon da aka ƙwata da sharaɗi ba zai sanyaya miki rai ba. Kuma ki lura, da abin ya zo kan idonta, duk likitocin garin ba wanda ta aminta da shi sai ke.

Abu na ƙarshe. Ranar da kumburi ya sauka aka cire zare, ki miƙa mata madubi, ki ce za ki ɗebo mata ruwa, ki fita ki ja ƙofa. Ki bar ta ta kalli fuskarta ba mai kallonta. Kada ki yi saurin dawowa.

Allah ya sa a yi lafiya a tashi lafiya, ya ƙara wa hannunki albarka, ya bar ku tare cikin daɗin rai.

Antinku