Jinin da Aka Ajiye a Firij

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa ƙafar nan ta daina damunki. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware, har ta koma faɗa don an matsar mata da kujera daga bakin taga, kin ga kuwa sauƙi ya samu. Tagwayen Gwaggo sun fara tafiya, yanzu babu abin da ke kwana a kan tebur.

Yaya, albishirinki! Na'urar nan tamu da kike kira tocilan Auta ta tsallake. Bari in sake yi miki bayani, don na san wancan karon to, to kawai kike ce mini a waya. In cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini ne ke tare ta, kuma shirin da suke yi wa bakteriya daban, na bairos daban. Mu sai mu ware su, mu ɗora a gilashi, mu haska musu wani siririn haske. Hasken da ya dawo shi kwamfuta ke zanawa, layi mai hawa da sauka, daga zanen mu gane irin cutar da suke fama da ita. Ba sai an yi kwana da kwanaki ana jiran ƙwayar cuta ta tsiro a ɗakin gwaji ba.

To, a jinin manya komai daidai, amma da an kawo na ɗakin yara sai zanen ya rikice, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Shugabar sashenmu ta kira ni, ta ce kwamitin asibiti ya gaji, in ba a gyara ba kafin zamansu na gaba, za a rufe na'urar da ƙyalle a tura ta sito. Kin fi kowa sanin don yara na shiga aikin nan. Na canza gilashi, na zargi fitilar ɗaki, har abokin aikina na zarga da yin numfashi kusa da na'ura, bawan Allah ya daina gaishe ni.

Wata safiya masinjan da ke kawo mana jini bai zo ba, sai na tafi ɗakin yara da kaina. Nas ta buɗe firij ta miƙo mini kwalbar jini, na ji ta sanyi ƙarara ta cikin safar hannu. Na tambaye ta ko kullum haka suke yi, ta ce ƙwarai, ɗakinsu ne ya fi nisa, kuma haka aka koya musu, jinin da zai jira a sa shi a sanyi kada ya lalace. Da gaskiyarta, ga wasu gwaje-gwajen haka ne. Amma mu ƙwayoyi masu rai muke haskawa, sanyi na sa su canza kama. Ashe duk wannan lokacin rawar ɗarinsu muke aunawa, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa tunanin faɗa musu kada su sa.

Daga ranar na ce ba firij, ba jiran masinja. Ana ɗiba ina karɓa, in kama hanya. Ki hango ƙanwarki da jikin nan nata tana sassarfa a baranda, farar riga na tashi, har masu gadi sun laƙaba mini motar asibiti. Zane kuwa ya fito tsaf. Abin da na'ura ta faɗa, da sakamakon tsohon gwaji ya iso sai ya zo daidai, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kwamiti ya zauna ya ce a ci gaba, har da ba mu ɗaki a jikin ɗakin yara. Na ƙwala ihu a ofis, shugaba ta ce in tuna asibiti muke, alhali ita ma bakinta ya ƙi rufuwa.

Abin da ya sa na ɗauki biro ban kira ki ba, ba zan iya faɗar wannan da baki ba. Shekaranjiya aka kawo wata yarinya jikinta zafi zau. Uwarta na zaune a benci ta riƙe takalman yarinyar a cinya, yadda kika riƙe na ɗanki Baba ƙarami lokacin da ake ta ce mana mu jira sakamako, sakamakon da bai iso ba sai bayan mun rasa shi. Kafin rana ta take na kai wa likita zanen, ya haɗa da abin da ya gani, ya canza magani. Yau da safe na leƙa, na tarar da yarinyar zaune tana rigima sai an sa mata takalmanta. Na koma bayan ƙofa na sha kukana, na daɗi da na kewa a haɗe. Allah Ya jiƙan yaronmu. Uwar nan ba ta koma gida da takalma a hannu ba, Yaya.

Ki gaishe mini da maigida, da babbar ɗiyata, da autanki mai ƙin wanka. Inna, Kawu da Gwaggo duk suna gaishe ki.

Ƙanwarki,
Auta